Filin Lambu da Inuwa: Farin Iccen Ƙasar Sanyi a Tsakar Gidan Yamai

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, uku daga cikinsu sun taru a kan icce guda, ta huɗu kuma farin gindi irin nasa take nema, wato farin iccen nan na ƙasashen sanyi wanda Faransawa ke kira bouleau, masana tsirrai kuma Betula. Da yake ba ya cikin itatuwan dajinmu, betula za mu riƙa ce masa a nan. Mun taƙaita wasiƙun kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ɗana da ke karatun likita a Rasha ya zo hutu da ƴar takarda cike da irin wani icce mai farin jiki da siraran rassa masu lilo, wanda ya ce babu inda mutum zai waiwaya a ƙasar bai gan shi ba. Na ga hotunansa, ya kuwa shiga raina, har na ƙudura in jera shi daga ƙofar gida zuwa baranda. Mun shuka irin cikin leda a watan Disamba, kaɗan daga ciki suka tsiro, amma da zafi ya kama a ƙarshen Maris sai ganyen ya soma ƙonewa daga baki-baki, duka suka bushe, alhali mai gadina bai taɓa fashin ban ruwa safe da yamma ba. Wane taki zan nema, kuma a wane wata ya kamata in sake gwadawa?
Daga wani Alhaji a unguwar Kwara Kano, Yamai

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya ba yaro sa'ar karatu. Amsar ba mai daɗin ji ba ce, amma gara a faɗe ta kafin a sake asarar iri da ruwa: babu takin da zai raya betula a tsakar gida a Yamai, babu kuma watan da za a shuka shi ya tsallake bazara biyu ko uku har ya zama icce. Kada a ɗora wa mai gadi laifi, domin ko kwana ya yi yana ban ruwa sakamakon ɗaya ne.

Betula dangi ne babba, iri-irinsa sun haura 30, kuma dukkansu ƴan arewacin duniya ne, daga Turai da Saberiya zuwa arewacin Sin da Japan, da duwatsun Himalaya, da Kanada da Amurka. Bisa ga kwatancen da ka yi, wanda yaron ya kawo shi ne Betula pendula, mai kai mita 15 zuwa 25, wanda mutanen Finlan suka zaɓa a 1988 ya zama iccen ƙasarsu. A nahiyarmu ta Afirka, inda aka san yana fitowa da kansa shi ne can saman duwatsun Maroko inda dusar ƙanƙara ke sauka, can ɗin ma tsiraru ne a wurare masu danshi.

Mutane da yawa suna zaton ƙarancin ruwan sama ne kaɗai ya raba mu da itatuwan Turai, saboda haka wanda ke da famfo ko rijiyar burtsatse a gida yana ganin ya gama da matsalar. Lissafin bai tsaya nan ba. Abin da ke sauka a birnin Mosko a shekara, ruwa da ƙanƙara a haɗe, kimanin milimita 700 ne, mu kuma a Yamai mukan samu tsakanin 500 da 600, wato tazarar ba wata mai yawa ba ce. Bambancin yana ga yadda ruwan ke zuwa da yadda yake tafiya. Can yana sauka kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara a kan ƙasa mai sanyi, wani ma ya kwanta a daskare har ya narke a hankali ya shige ƙasa. Nan kuwa kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, sa'an nan rana da iska suna iya ƙafar da fiye da milimita 2,000 a shekara. Watan da ya fi zafi a Mosko, wato Yuli, matsakaicin zafinsa bai kai na Janairunmu ba, watan da muke hura wuta da asuba muna jin ɗumi.

Wannan shi ya bayyana abin da ka gani a ledojinka. Irin betula ƙanƙane ne ƙwarai, mai ƴan fikafikai da iska ke ɗauka, kuma haske da danshi yake nema ya tsiro, shi ya sa ba a binne shi, bisa ƙasa ake barbaɗa shi. Da ka shuka a Disamba ya iske yanayin da ya yi kusa da lokacin tohonsa a gida, sai ya fito. Da bazara ta kama, zafi ya haura digiri 40, iska kuma ta bushe ƙarau, sai siririn ganyen ya riƙa zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya kawowa, ƙuna ta faro daga gefen ganye ta ci ciki. Saiwar kanta ba mai nitsewa ba ce irin ta gawo ko tsamiya, shimfiɗuwa take yi dab da fuskar ƙasa, daidai wurin da rairayinmu ke wuce digiri 50 da tsakar rana. In aka rage ruwa ta bushe, in aka yawaita shi cikin baƙar leda mai zafi ta ruɓe.

A ce ma an yi rumfa, an sa injin feshin ruwa, an tsallake bazarar farko, akwai sauran abin da ba a saye a kasuwa, wato hunturu na gaske. Wannan icce da tsawon yini da sanyi yake lissafin shekararsa. Idan yini ya soma gajarta sai ya daina girma, ganyensa ya koma rawaya ya zube, idanun toho su kwanta barci, kuma ba sa farkawa yadda ya kamata sai sun yi makonni masu yawa cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba. A Mosko yini yana kai awa 17 da rabi a Yuni, ya sauko zuwa awa 7 a Disamba. A Yamai tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi da ƴan mintoci ba, daren Janairu kuma yawanci a wajen digiri 16 yake tsayawa. Iccen da bai samu wannan hutu ba yakan yi toho a birkice, wani reshe ya fito wani ya ƙi, ƙarfinsa ya riƙa raguwa har gara da cuta su ƙarasa shi. Masu renon itatuwa a Turai sukan ajiye irin cikin firji na wasu makonni don ya tsiro da kyau, kuma dabarar tana aiki, sai dai iri ake sawa a firji, ba icce mai mita goma ba. A gaya wa yaron kuma, in zai sake kawo wani abin shuka, ya bi ta hannun ma'aikatan kare tsirrai, musamman in dashe ne da ƙasarsa, domin ta haka ƙwari da cututtuka ke tsallaka iyaka.

In na fahimci wasiƙarka, abin da ya ja hankalinka siffa ce: miƙaƙƙen gindi mai haske, ƙananan ganye, rassa masu rusunawa, da inuwa marar duhu. Duk wannan marke yana da shi, har littattafan Faransanci suna yi masa laƙabi da bouleau na Afirka, ko da yake babu dangantaka tsakaninsu, shi ɗan'uwan geza ne da sabara da taramniya. Ana samunsa daga Senegal har Habasha, a ƙasarmu kuma ya fi yawa a kudu, wajen Gaya da gandun dajin W da bakin gulabe. Ba zan ruɗe ka ba, ɓawonsa bai kai na betula fari ba. Toka-toka ne mai haske, yana ɓamɓarewa falle-falle ya bar dabbare-dabbare masu kyan gani. Amma yana da abin da baƙon ba ya da shi a nan. Ƙaronsa ana ci, ana asuwaki da reshensa, makiyaya sun daɗe suna ba dabbobi ganyensa don tsutsar ciki, masu rinin bogolan na Mali da ganyensa suke fara rina ƙyalle ya yi rawaya kafin su ɗora laka, iccen kuma mai tauri ne da magina suka sani.

Wajen dasa shi, ka san cewa yawancin ƴaƴansa holoƙo ne, kaɗan ke tsirowa, don haka ya fi sauƙi a nemi dashe wurin masu renon itatuwa ko a tambayi ma'aikatan gandun daji, maimakon a tura yara su tumɓuko a daji, abin da kan jawo rigima da hukuma kuma dashen bai cika kamawa ba. A dasa bayan ƙasa ta jiƙa sosai, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta. Ba banza aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa tun 1975 ba. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a kwashe duk ɓaraguzan siminti da magina suka bari, waɗanda su ne ke kashe dashe da yawa a sababbin unguwanni ba tare da mai gida ya gane dalili ba. A gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanye yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya, a ajiye dashen daidai zurfin da yake a cikinta, kada a binne wuyansa, sa'an nan a yi masa kwano a gindi. Da rani a ba shi ruwa mai yawa sau biyu a mako, wanda ya fi yayyafin kullum, domin ruwan da ya nitse shi ke jan saiwa ƙasa. A bar mita 6 zuwa 8 tsakanin icce da icce, a kuma nisanci katanga da kamar mita 5. A kewaye kowanne da waya ko ƙaya, kada kuma a ɗaure ragon layya a jikinsa. Marke ba ya gaggawa a shekarunsa na farko, yana kuma kakkaɓe ganye da tsakar rani, kada a ga haka a ce ya mutu a sare shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na karanta a intanet cewa akwai wani nau'in betula mai jure zafi da ke fitowa a kudancin Amurka, ina so in san ko zai yi a filin makarantarmu. Na kuma ji ana cewa a dutsen Bagzan ruwa yana daskarewa da ɗari, ko can zai rayu?
Daga wani malamin makaranta a Tawa

AMSA: Barka kadai, Malam. Abin da ka karanta gaskiya ne, sai dai a tambayi wane irin zafi ake nufi. Iccen shi ne Betula nigra, mai bin bakin koguna a gabashin Amurka har zuwa gabashin Tekzas da arewacin Filorida, kuma shi ya fi duk danginsa na can haƙuri da zafi. Amma zafin can mai laima ne, ruwan shekara ya haura milimita 1,000, saiwarsa tana cikin ƙasar da kogi ke jiƙawa, kuma kowace shekara sanyi yana sauka har raɓa ta daskare. Tawa kuwa da ƙyar ake wuce milimita 400 a shekara. Bayan haka ba ya son ƙasa mai kanwa-kanwa ko mai farar ƙasa a ciki, nan da nan ganyensa ke ɗashewa ya yi rawaya. Ko da ya rayu ma ba zai ba ka farin da kake nema ba, domin ɓawonsa ja-ja ne mai nannaɗewa, yana tsufa yana yin duhu.

Batun Bagzan, sanyin dare yana nan kam, tun da dutsen ya haura mita 2,000, amma ruwan sama can bai kai ko rabin na Tawa ba, iskar kuma busasshiya ce ƙwarai. Lambunan Ayar irin na Timiya da rijiya suke rayuwa, kuma ruwan da manomi ya sha wahalar jawowa gara ya tafi ga lemu da rumman da dabino da ke ciyar da gida.

Jihar Tawa ba ta bukatar aron ilimin dashe daga nesa. A kwarin Majiya an fara jera dogon yaro tun 1975 don tare iska daga gonaki, aikin Keita kuma ya kankama a 1984 da gyaran fako da dasa itatuwa, kuma tassa da rabin wata, wato ramukan tara ruwan sama da manomanku ke haƙawa, suna aiki ga icce kamar yadda suke yi ga hatsi. Ga filin makaranta, in ƙasar rairayi ce mai zurfi, ina ba da shawarar gawo ko da ɗaya ko biyu ne a gefe. Rassansa fari-fari ne, kuma yanayinsa ya dace da makaranta ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba: yana zubar da ganye da damana, lokacin da yara ke babban hutu, ya cika da ganye da rani, lokacin da suke neman inuwa. Aibinsa shi ne ƙaya da jinkirin tashi, don haka tsakiyar fili inda yara ke guje-guje ba takalmi a bar wa dogon yaro. In ɓawo mai ɓarewa kake sha'awa, a yi shinge da dashi, wanda reshensa kawai ake sarowa a kafa a ƙarshen bazara kafin ruwa ya sauka. Marke kuma sai a kwari inda ruwa ke kusa, bisa tudu wahala za ku sha. Kafin a haƙa rami ko ɗaya, a zauna da kwamitin iyaye a san wanda zai tare awaki lokacin hutu da wanda zai ɗauki nauyin ruwa a Afrilu da Mayu, domin a nan yawancin dashen makarantu ke ƙarewa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mutumin Tawa ne, amma aiki ya zaunar da ni a Monreyal ta ƙasar Kanada, ina kuma bin wannan fili ta intanet. Gidan da muka koma akwai betula mai gindi uku a gabansa, cikin ciyawa, kusa da titi. Bana na lura rassan can ƙololuwa sun bushe, akwai kuma ƴan ramuka a jikinsa. A watan Afrilu na datse wasu rassa, sai ruwa ya yi ta ɗiga daga wurin kwana da kwanaki. Yarana suna son ɓare farin ɓawon suna wasa da shi, uwargida kuma duk watan Mayu tana fama da atishawa. Me zan yi kada iccen ya mutu a hannuna?
Daga wani ɗan Tawa mazaunin Monreyal

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, a gaida iyali da baƙunta. Kai kam kana ƙasar iccen, saboda haka maganarka ta gyara ce. Bushewar da ta faro daga sama tana gangarowa, haɗe da ramuka, alama ce ta wani ƙwaro da ya addabi betula a Kanada da Amurka, mai launin tagulla, wanda masana ke kira Agrilus anxius. Ka duba ramukan da kyau: in siffarsu ta harafin D ce, faɗinsu bai wuce rabin santimita ba, kuma ɓawon ya yi tudu-tudu a murɗe, to shi ne. Macen tana ƙwai a jikin ɓawo da farkon lokacin zafi, tsutsar ta shige ta riƙa haƙa hanyoyi a tsakanin ɓawo da itace, daidai inda abincin icce ke bi, har ta yanke wa reshe hanya. Ramin da ka gani ƙofar fita ce, wato ɓarnar ta riga ta auku tun bara. Betulan da aka kawo daga Turai da Asiya sun fi saurin faɗawa hannunsa, na ƙasar, Betula papyrifera, ya fi su ɗan juriya, Betula nigra kuwa ƙwaron bai cika kula shi ba.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne cewa ƙwaron ya fi cin iccen da ya riga ya galabaita, kuma abin da ke galabaitar da betula a cikin gari shi ne zafin ƙasa da ƙishi. A daji gindinsa yana cikin inuwa da ruɓaɓɓen ganye. A ƙofar gida kuwa yana takara da ciyawa wajen ruwa, titi yana mayar masa da zafi, gishirin da ake zubawa don narkar da ƙanƙara yana malalowa gindinsa. Shi ya sa masana ke cewa a dasa shi gabas ko arewa da gini, inda kansa zai sha rana gindinsa kuma ya samu inuwar la'asar. Naka ya riga ya kafu, sai a kawo masa sauƙi a inda yake. Ka cire ciyawar da ke kewaye da shi a hankali da hannu, ba da garma ko shebur ba, saboda saiwar tana sama-sama, ka shimfiɗa ɓarɓashin itace mai kaurin santimita 5 zuwa 10, faɗinsa ko da mita ɗaya ne ta kowane gefe, in ya fi haka ya fi kyau, amma kada ya taɓa jikin gindin. Wannan zai kuma nisanta injin yankan ciyawa, wanda ke yi wa ɓawo rauni. Duk makon da ba a yi ruwa ba daga Yuni zuwa Agusta, ka sa tiyo ya riƙa zuba a hankali na awa biyu ko uku a ƙarƙashin inuwar rassan, har danshi ya nitse kamar santimita 30. Taki kuwa kada ka zuba sai an auna ƙasar, domin taki mai yawa a kan icce mai ƙishi ƙara masa wahala yake yi.

Ruwan da ya yi ta ɗiga a Afrilu ruwan jikin iccen ne, wanda ke hauhawa da ƙarfi daidai lokacin da ƙanƙara ke narkewa. A Rasha da Finlan da ƙasashen Baltik huda iccen ake yi a tara ruwan a sha. Ɗigar ba ta cika kashe icce mai lafiya ba, amma ba lokacin datsa ba ne. Daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli ma a bar shi, domin lokacin ne ƙwaron ke yawo, kuma sabon rauni yana jawo shi. A jira ƙarshen Agusta zuwa lokacin zubar ganye, a cire matattun rassa, kada a rage fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassa masu rai, kada kuma a ƙundume kansa. Rassan da aka cire a fitar da su daga gidan kafin zafi ya dawo, don tsutsar tana kwana a ciki. In bushewar ba ta wuce ƴan rassan sama ba akwai fata, kuma ƙwararren mai kula da itatuwa zai gaya maka ko magani zai yi amfani, da kuma wanda dokar garin ta yarda da shi. In ta cinye rabin kan iccen, da wuya ya dawo, sai a yi tunanin maye shi. Kada ka ɗauki zarto da kanka, domin a Monreyal sai da izinin hukumar gari ake sare icce ko da a cikin gidan mutum yake.

Yaran kuma a hana su ɓarewa. Abin da ya saki da kansa ba laifi a tsince, amma in aka fizge farin har aka kai ga na ciki, wurin baƙi yake komawa kuma farin ba ya dawowa, in raunin ya zagaye gindin kuma iccen ya tafi. Farin nan wani sinadari ne da ake kira betulin, wanda ke taimakawa wajen hana ɓawon shan ruwa da ruɓewa. Shi ya sa ƴan asalin ƙasar da kake zaune suka yi kwalekwale da shi, malaman Kashmir suka rubuta littattafai a kan na Himalaya, a birnin Nobgorod na Rasha kuma tun 1951 ake tono wasiƙun da aka rubuta a kansa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, har da na wani yaro mai koyon haruffa. Wannan labari zai fi tsawa tasiri a kan yara. Atishawar uwargida kuwa ta zo daidai da lokacin furen betula, wanda iska ke kwasar ƙurarsa, kuma tana cikin manyan masu tayar da irin wannan larura a ƙasashen sanyi; wasu masu ita har ɗanyen tuffa kan sa musu ƙaiƙayin baki. Ta ga likita a gwada. Sare na ƙofar gida ba zai raba ta da abin ba, tun da ƙurar tana tafiya mai nisa kuma garin cike yake da iccen.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. Ni dai farin gindi nake so a gidana ko ta wace hanya. Akwai ragowar farin fenti da aka shafe ɗakuna da shi, zan iya shafa wa mangwaro da dogon yaron da nake da su? Ko kuwa in dasa iccen turare, tun da na ga jikinsa fari ne sumul?
Daga wata Hajiya a unguwar Yantala, Yamai

AMSA: Lafiya lau, Hajiya. Farin da kike gani a gindin itatuwan bakin titi da na ofisoshi farar ƙasa ce aka dama da ruwa, kuma in an tsinka ta ba ta cutar da icce, tana ma rage wa ƙaramin mangwaro ƙunar rana a gefen yamma. A shafa daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya, a sabunta bayan damana ta wanke. In ragowar fentin naki na mai ne, wanda ake tsinkawa da kananzir ko fetur, kada ya taɓa icce, domin yana toshe ƙofofin da ɓawo ke shaƙar iska, yana kuma iya ƙona na ƙaramin dashe. In na ruwa ne, a ƙara masa ruwa daidai yawansa kafin a shafa.

Turare, wanda asalinsa daga Ostireliya yake, shi ne ya fi duk itatuwan da ke yi a Yamai kusa da farin da kike so, yana kuma tashi da sauri. Sai dai icce ne na fili, ba na tsakar gida ba. Saiwarsa tana bin danshi duk inda yake, ta shiga bututun ruwa da ramin masai, ta ɗaga daɓe. Ganyensa in ya zube ba ya barin wani abu ya yi kyau a ƙarƙashinsa, kuma babbansa yakan yar da reshe ba iska ba hadari. In gidan yana da faɗin da za a ba shi mita 10 daga gini da rijiya da katangar maƙwabta, a dasa ɗaya a kusurwa a riƙa rage masa tsawo tun yana ƙarami. In babu wannan faɗi, ki tsaya ga farar ƙasa a gindin mangwaronki.